Kuza a Ƙasa, Dankali a Sama: Fahimtar Taƙaddamar Haƙar Ma'adinai a Tudun Jos

A watan Fabrairun 2025 Gwamnan Jihar Filato, Caleb Mutfwang, ya sa hannu a kan umarnin zartarwa mai lamba 001, wanda ya dakatar da haƙar ma'adinai a faɗin jihar har sai an tantance masu yin ta. Wata biyu kafin nan, a Disambar 2024, Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙa da ta sa wa Zamfara tun 2019. Wato Abuja na buɗe ƙofa a wata jiha, gwamna na rufe tasa a wata. Daga baya an bar kamfanonin da suka tsallake tantancewa a Filato sun koma aiki, amma ruɗanin bai kau ba. Ta wa ce kuzar da ke ƙarƙashin gonar mutum? Gwamna na da ikon tsayar da wanda Abuja ta ba lasisi? Kuma ina ruwan mai sayen dankalin Turawa a kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru a Zariya da ramukan Barikin Ladi?

Tudun da ake magana a kansa

Faɗin tudun Jos ya kai kimanin murabba'in kilomita 8,600, tsayinsa kuma a matsakaici mita 1,280 ne sama da teku. Duwatsun Shere da ke gabas da garin Jos sun haura mita 1,700. Zariya ba ta kai mita 700 ba. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da wajen digiri 6, shi ya sa matafiyin da ya taso daga Zariya ya bi ta Pambeguwa da Saminaka da Jengre yakan ji iska ta sauya tun kafin ya shiga Jos. Ruwan sama a Jos yakan kai milimita 1,400 a shekara, a Zariya kuwa dubu da ɗan wani abu.

Tudun kamar ƙoƙon da aka kife yake, ruwa na gangarowa ta kowane gefe. Kogin Kaduna daga nan ya taso, haka Gongola, haka Dilimi da ke bi ta Bauchi ya zama Jama'are ya nufi Tafkin Chadi. Galma, wanda Zariya ke sha, shi ma daga tuddan da ke gefen arewa maso yamma na wannan tudu yake tasowa.

Abin da ya haɗa noma da haƙa wuri guda yana cikin yadda kuzar ta samu. Kimanin shekara miliyan 160 da suka wuce, narkakken dutse ya kutso daga cikin ƙasa ya daskare, ɗauke da ƙwayoyin kuza. Ruwan sama ya yi ta cin dutsen yana kwashe burbushinsa. Kuza ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu da rabi, saboda haka ba ta tafiya nesa: takan kwanta a gindin rafi da ƙasan fadama, yashi da laka su binne ta. Inda kuza ta fi taruwa, nan ne ƙasa ta fi danshi, nan ne manomin rani ya fi so. Mafi yawan rigimar da ake ji tsakanin manoma da masu haƙa daga wannan ta samo tushe.

Kuza, kwalambait da loto

Kuza ɗanyen ma'adini ce, baƙa ko mai ruwan ƙasa. In an wanke ta sosai, kimanin kashi 70 cikin 100 na nauyinta farin ƙarfe ne mai laushi. Kusan rabin wannan ƙarfe a duniya yana tafiya ne wajen yin dalmar da ake liƙa wayoyin cikin rediyo da wayar hannu da kwamfuta da faifan sola. Sauran ana shafe gwangwani da shi ko a haɗa shi da jan ƙarfe.

Kwalambait tana zuwa a gauraye da kuza. Daga cikinta ake fitar da niyobiyam, wanda ake zuba wa ƙarfe don ya ƙara ƙwari, kamar na bututun mai da injin jirgin sama. Akwai kuma monazait da zirkon a cikin dusar da ke saura bayan an tace. Waɗannan suna ɗauke da toriyam da yuraniyam, masu fitar da tiririn nukiliya kaɗan-kaɗan. Shi ya sa masana ke hana yin yaɓe ko bulo da dusar kuza, ko shanya abinci a kanta, duk da cewa a ido yashi ce mai kyau.

Loto shi ne ramin hannu. Ana haƙa shi kamar rijiya, faɗinsa wajen mita ɗaya, a yi ta nutsawa har a iske shimfiɗar tsakuwar da kuza ke ciki, wani lokaci mita goma, wani lokaci fiye da ashirin. Daga nan sai a riƙa kutsawa gefe da gefe ana bin tsakuwar, ana jawo ta sama da guga da igiya. A sama a wanke ta a magudanar ruwa, yashi ya tafi, mai nauyi ya zauna, a shanya, a kai rumfar masu saye, inda injin maganaɗisu ke raba kuza da kwalambait da sauran. Abu uku ne suka fi kashe mutane a loto. Na farko ruftawa, musamman da damina in ƙasa ta jiƙa kuma ba a tokare rufin da katako ba, ko an ci ginshiƙin ƙasar da ya kamata a bari saboda an ga kuza a jikinsa. Na biyu ruwa, in aka fasa cikin tsohon rami da ya cika. Na uku hayaƙin injin jan ruwa da aka saukar cikin rami ko aka ajiye a bakinsa. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari, mutum kan ji jiri ne kawai ya kwanta.

Yadda Zariya ta shiga labarin

Tun kafin zuwan Turawa ana narka kuza a Liruwen Kano da Liruwen Dalma, ana zuba ta sirara kamar tsinke, fatake suna yawo da ita. Wannan ce ta ja hankalin Kamfanin Neja na Turawan Ingila, har ma'aikatansa suka bi sawu suka kafa sansani a Naraguta a farkon shekarun 1900. Da haƙa ta kankama, sai matsalar ɗauka ta taso, domin a ka da kan jaki ake fitar da kuzar. Maganin da aka samo shi ne ƙaramin layin dogo mai faɗin ƙafa biyu da rabi, wanda ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru, ya kai Rahama a 1912, ya isa Jos da Bukur a 1914. Shekaru da dama kuzar Filato ta tashar Zariya take bi kafin ta nufi teku. Da aka buɗe babban layi daga Kafanchan zuwa Jos a 1927 sai kaya suka karkata can, aka rufe ƙaramin layin a 1957.

Ta wannan hanya leburori da 'yan kasuwa da mahauta da malamai daga Zazzau da Kano da Bauchi da Barno suka hau tudun, suka zauna a barikokin haƙa. Sunayen garuruwa irin su Barikin Ladi da Sabon Gida da Dorawa shaida ne. A 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, gwamnatin mulkin mallaka ta kafa aikin tilas, aka kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa, har da na Zazzau, aka kai su ramuka cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da yawa suka mutu. A 1943 aka fitar da fiye da tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. A shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait.

Kuza ta bar abubuwa masu amfani. Don ita aka kafa tashar lantarki ta ruwa a Kurra, wadda kamfanin NESCO ke gudanarwa, kuma a ramin kuza aka fara tono gumakan yumɓu na Nok a 1928, a ƙasar Jaba ta Jihar Kaduna ta yau. Ta kuma bar fiye da murabba'in kilomita 300 na ƙasar da aka birkice, da tarin ƙasa kamar tsaunuka, da ɗaruruwan kududdufai masu zurfi. Dokar ma'adinai ta 1946 ta fara tilasta gyaran ƙasa, aka cike wasu wurare aka dasa bishiyar turare, amma kaɗan ne aka gyara. Kuzar saman ƙasa ta yi ta ƙarewa, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa masu jarin waje suka ja baya. Da farashin kuza ya rushe a kasuwar Landan a Oktoban 1985, manyan injuna suka tsaya, aka bar wa masu diga da shebur filin.

Me ya sa aka koma ramuka

Farashi ne. A farkon 2020 tan ɗaya na ƙarfen kuza bai kai dala 20,000 ba. A Maris na 2022 ya kusa dala 50,000, ya sauko, sannan ya sake haura dala 30,000 a 2024. Buƙatar kayan lantarki ta ƙaru, yankin Wa na ƙasar Myanmar ya dakatar da haƙa a Agustan 2023, Indonesiya ta riƙa jinkirta fitarwa, yaƙi kuma ya taɓa ma'adinan gabashin Kongo. A gida, faɗuwar darajar naira tun 2023 ta sa kowace dala ta ninka a hannun mai sayarwa. Saurayin da ke ganin abin da kwana kaɗan a loto zai ba shi, ya kwatanta da wata uku na jiran dankali, ba ya buƙatar mai lallashinsa.

Sai dai ba mai shiga ramin ne ke cin moriya mafi tsoka ba. Yawanci akwai mai ɗaukar nauyi, wanda ke ba da injin ruwa da mai da abinci bisa sharaɗin shi za a sayar wa, a farashin da ya yanka. Shi ne kuma ke da ma'auni da injin tacewa, shi ke faɗin ko kashi nawa ne kuza a cikin buhu.

Mai gona daban, mai abin da ke ƙarƙashinta daban

Nan ne tushen ruɗanin. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan da ke cikin ƙasa, kuma Majalisar Tarayya ce kaɗai ke da hurumin yin doka a kansu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuwa ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, a matsayin amana. Saboda haka gona guda tana da masu iko uku: manomi da ke da haƙƙin nomawa, gwamna da ke riƙe da ƙasar, da Abuja da ke da abin da ke ƙarƙashi.

Dokar Ma'adinai ta 2007 ta tsara lasisi hawa-hawa, duk daga ofishin rajistar lasisin ma'adinai na tarayya ake samun su. Izinin dubawa na shekara ɗaya ne, ba ya ba da damar haƙa. Lasisin bincike yana iya kai murabba'in kilomita 200, na shekara uku ne, ana sabunta shi sau biyu, kuma shi ma ba izinin haƙa don sayarwa ba ne, ko da yake nan ne aka fi yin ha'inci. Lasisin ƙaramin mai haƙa bai wuce murabba'in kilomita 3 ba, na shekara biyar. Babban lasisi yana kai murabba'in kilomita 50, na shekara 25. Dokar ta fifita haƙar ma'adinai a kan sauran amfanin ƙasa, amma ta ɗora wa mai lasisi sharuɗɗa: neman amincewar mai fili, biyan diyyar amfanin gona da kuɗin hayar ƙasa, binciken tasirin aikin ga muhalli, gyara wurin bayan an gama, da rubutacciyar yarjejeniyar raya al'umma wadda ake sake dubawa duk shekara biyar.

Ta fuskar kuɗi, harajin ma'adinai asusun tarayya yake shiga, jihar da aka haƙo a cikinta tana da kashi 13 cikin 100, kamar yadda ake yi da mai. Amma a kan abin da aka rubuta ake lissafin. Buhun da ya fita da dare ba tare da takarda ba, babu ko kwabo da zai dawo wa jihar daga gare shi, ramin kuwa yana nan a gonar. An yi shekaru da dama duk ma'adinan ƙasar nan in ban da mai da gas ba su kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikinta ba a lissafin hukuma.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Gwamnatin jiha ta kafa hujja da tsaro da lalacewar ƙasa da yaran da ke barin makaranta suna tafiya ramuka, da kwararowar baƙin da ba a san su ba. Matsayinta shi ne gwamna ne ke amsa tambaya in an yi kisa ko rami ya rufta, don haka ba zai zuba ido ba. A jihar da ta sha zubar da jini, kamar na Mangu da Bokkos a 2023, wannan hujja tana da nauyi.

Ma'aikatar Ma'adinai ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Dele Alake, ta sha nanata cewa jihohi ba su da ikon hana haƙa, kuma masu lasisi suna tare da ita a nan. Suna cewa wanda ya bi doka ya biya kuɗi shi ne dakatarwa ke kamawa, domin shi ke da adireshi da injin da za a iya rufewa, mai haƙar dare kuwa sai ya ƙara nutsawa daji. Zamfara ta ƙarfafa wannan magana: shekara biyar na haramci ba su kawo ƙarshen 'yan bindiga ba, kuma da aka zo ɗage shi ma'aikatar da kanta ta yarda cewa ya bar wa masu haƙar sata fili. A ɓangarenta, tarayya ta kafa rundunar tsaron ma'adinai daga cikin jami'an Sibil Difens a Maris na 2024.

Masu loto suna cewa ba su ƙi rajista ba, amma kuɗinta da zirga-zirgarta sun fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma sau da yawa sukan tarar an riga an ba wani kamfanin da ba su taɓa gani ba lasisin filin kakanninsu. Doka ta ba su hanyar haɗuwa a ƙungiyar gama-kai su nemi ƙaramin lasisi, sai dai hakan ba ya yiwuwa a filin da wani ya riga ya riƙe. Manoma da makiyaya kuma kansu a rabe yake, domin mai gonar da ya karɓi kuɗi ya bari a haƙa yana murna, maƙwabcinsa da laka ta toshe wa rafi ko saniyarsa ta faɗa rami yana kuka.

A bisa nassin doka, hujjar tarayya ta fi ƙarfi a kan wanda ke ba da lasisi da wanda ke soke shi. A kan ƙasa da tsaro da muhalli kuwa jiha na da abin cewa, kuma dokar 2007 ta tanadi kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha don a haɗu a nan. Raunin da ɓangarorin biyu ba su cika taɓawa ba shi ne rumfar mai saye. Ramuka dubbai ne, ba su tsaruwa, amma wuraren da ake tace kuza da tara ta kaɗan ne, kuma a gari suke.

Dankalin da ke saman kuzar

Noma ya fi haƙa ciyar da mutanen tudun nesa ba kusa ba. Mafi yawan dankalin Turawan Nijeriya daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Riyom da maƙwabtansu yake fitowa, saboda ba ya yin 'ya'ya sosai sai dare ya yi sanyi ƙasa da digiri 20. A Zariya sai da hunturu ake samun haka, shi ya sa masu lambun Galma ke shuka shi daga Nuwamba kawai. A tudu kuwa ana yin na damina, a shuka a Afrilu ko Mayu a haƙe bayan kwana 90, sannan a yi na rani. Ga kabeji da karas da koren wake da latas da acca, har da sitiroberi a wajen Vom. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ma daga Zariya aka mayar da ita can a 1924.

Hekta ɗaya na cin wajen tan biyu na iri, kuma iri ne ya fi komai tsada. Saboda haka manomi kan ware ƙananan dankali daga girbinsa ya sake shukawa shekara da shekaru, cuta na taruwa a ciki. Sakamakon shi ne hektar da za ta iya ba da tan 20 da iri mai tsabta, irin su Nicola ko Marabel, sau da yawa ba ta kai rabin haka. Babbar annoba ita ce cutar ƙunar ganye, wadda ke son sanyi da danshi, ta yi ɓarna mai yawa a 2014. Tana iya cinye gona cikin mako biyu. Maganinta feshin rigakafi ne da mankozeb duk mako tun kafin tabo ya bayyana, domin in ganye ya riga ya yi baƙi an makara. Cutar yaushi kuma a ƙasa take zama, sai an huta da dankali da tumatir da barkono da gauta a wannan fili na shekara uku ko fiye.

Tsofaffin kududdufan kuza, waɗanda ke cin yara da dabbobi, su ne kuma madatsun ruwan noman rani a Bukur da Rayfield da Barikin Ladi. Manoma sun farfaɗo da matacciyar ƙasar bakinsu da taki da tokar bola. Wannan ya sa kiran a cike duk ramuka bai dace da kowa ba. Sabuwar haƙa ita ce ke yi wa noma illa ta hanya uku: tana birkice ƙasar sama da ta ɗauki shekaru tana gyaruwa, tana janye ruwan kududdufi don wanki a lokacin da lambu ke buƙatarsa, tana kuma kwashe 'yan ƙwadago har kuɗin noma da haƙar dankali ya tashi.

Abin da zai iso Zariya

Na farko kasuwa. Dankali da kabeji kan yi araha daga Yuli zuwa Satumba lokacin girbin damina, su yi tsada daga Afrilu zuwa Yuni in na rani ya ƙare, domin babu isassun ɗakunan ajiya masu sanyi. Duk abin da ya rage gonakin rani ko ya tsadantar da lebura a tudu, wannan giɓi zai faɗaɗa. Haka in aka rufe hanyar Jengre saboda rikici, kwana biyu sun isa a gani a kasuwar Ɗan Magaji ta Zariya. Ɗan kasuwar da ya sauke buhu a zafin Zariya ya sani cewa dankalin da aka haƙe da danshi ko ya ji rauni ba ya jimawa. A zazzage shi a inuwa mai iska, a tsince ruɓaɓɓe, kada a bar shi a rana ya yi kore, domin koren yana da guba.

Na biyu mutane. Dakatarwa ba ta sa mai loto ya ajiye diga, wuri yake sauyawa. Irin dutsen da ke ɗauke da kuza bai tsaya a iyakar Filato ba, akwai shi a Kudaru da Banke da Dutsen Wai, cikin ƙananan hukumomin Lere da Kubau, har zuwa Riruwai a Kano. Wannan yanki ne da wasu rafukansa ke zuba a Galma. Wankin kuza a saman kogi yana ƙara laka a ruwa, laka na cike madatsa, tana kuma ƙara yawan alif da ake buƙata wajen tace ruwan famfo.

Manomin Kubau ko Lere da wani ya zo masa da takarda yana da abin da zai duba kafin ya sa hannu ko ya karɓi kuɗi. Ya ga wane irin lasisi ne, domin na bincike ba ya halatta lodin buhuna. Ya ga lambarsa da iyakokinsa, ya tabbatar gonarsa na ciki, a ofishin ma'adinai na tarayya da ke Kaduna. Ya nemi a rubuta diyya da kuɗin haya da wanda zai cike rami da lokacin cikewa, a gaban dagaci da shaidu, a kuma ware ƙasar sama gefe guda don a mayar da ita. In ana jayayya a kan abin da ke cikin yashin, ko ana tsoron dusar da aka tara kusa da gida ko rijiya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana da na'urorin da ke auna ma'adinan da ke cikin samfur da kuma yawan tiririn da yake fitarwa.